Daga Alhaji Sai Hajiya

Daura gari ne da ake komowa Sallah. Tun ana jibi Sallah motoci ke kwararowa ta hanyar Kano da ta Katsina, masu lambar Abuja da Legas. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Buhari kan zo gida Babbar Sallah, har da jiniya. A irin wannan gari, gidan da babu mota a ƙofarsa ba ya ɓuya. Masu gidan ba tsofaffi ba ne, hamsin da 'yan kai suke, amma 'yan matan an kai su ɗakin miji, babban yana Abuja, autan yana bautar ƙasa a kudu, kuma kowa ya bugo waya ya ce bana ba hali.

Irin waɗannan masu gida kala-kala ne. Na farko shi ne Alhajin da ke cewa "mun huta". Yana faɗa wa kowa a filin Idi cewa bana kunnensa ya samu lafiya. Sai dai daga saukowa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da babbar rigarsa, duk motar da ta karyo kwana sai ya miƙa wuya. In ka tambaye shi, iska yake sha.

A cikin gida kuma akwai Hajiyar da hannunta bai san girkin mutum biyu ba. Tukunyar da ta saba ɗorawa tun yara na firamare ita ta ɗora: tuwon shinkafa, miyar taushe, ga waina a gefe. Alhaji ya ci malmala ɗaya ya wanke hannu, sauran sai kwanuka su yi ta fita maƙwabta, almajiran unguwa kuwa sun riga sun sanar da juna. In Babbar Sallah ce abin ya fi haka. Ragon da aka sha ciniki a kansa ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, ita kaɗai za ta soye shi, ta yi dambun nama, ta cika bokitin fenti uku, ta rubuta suna a murfin kowanne. Washegari tana tasha tana yi wa direba huɗuba: wannan na yarinyar nan ne ta Kaduna, kada a ɗora masa buhu. Na babban ne ya fi cika, ko da yake ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

Sai gwanayen kiran bidiyo. Jikoki sun jeru a Abuja da ɗinkin Sallah, amma abin da suke gani na kakansu hula ce da rabin goshi. "Kuna ji na? Ni ina ganin ku!" Hajiya ta fizge wayar, sai kunnenta ya cika allon. Waɗanda ke wajen Kongolam nasu ya fi daɗi, don ana tsakiyar "ina kwana Kaka" wayar za ta tsallaka ta kamo layin Nijar.

Mai jiran alat ba ruwansa da bidiyo. A da shi ke rabon goron Sallah, yanzu shi ake aiko wa, kuma albarka tana fita daidai girman saƙon.

Wasu ba sa yarda gida ya yi shiru. Ana sauran mako su aika Baure ko Zango a kwaso 'ya'yan ƙanne, a yi musu ɗinki, a kai su kallon Hawan Magajiya. Kafin kwana uku an fasa madubi, an saki akuya, Alhaji ya fara tambayar yaushe ake komawa makaranta.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ma'auratan da suka gano cewa shekara talatin hirarsu ba ta wuce kuɗin makaranta da wa ya yi zazzaɓi ba. Ga su a tsakar gida, ga rediyo. "Hajiya, ana zafi." "Ana yi, Alhaji." Can sai ya gyara murya ya ce gidan nan fa ya yi musu girma, ɗakuna duk a rufe, yana ta tunani. Hajiya ba ta ɗago daga tsinken tsire ba ta ce, "In haya za ka bayar, bismilla. In kuwa ɗaya tunanin ne, ka fara biyan bashin ragon."

Akwai kuma masu zuciya, waɗanda suka ce tunda yara ba su zo ba, su za su je. Su isa Abuja a rufe su a bayan get, babu mai sallama, babu tambari, babu ko kashin doki a titi. Kwana na uku Alhaji ya ce ya tuna bai bar wa kowa dawar tumaki ba. A mota suna lissafin kwanakin da suka rage kafin Rabi'ul Awwal, don yaran sun rantse cewa Sallar Gani da su za a yi. Hajiya ta ce bara ma haka suka rantse.