Bashin Kwalbatin Banga

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara ruwa ya cinye hanyar Banga zuwa Ƙaura Namoda, dabbobi suka kasa kai gyaɗarsu tasha, can inda layin dogo ya tuƙe tun 1929. Zaki ya ce a gina kwalbati kafin wata damina. Kura ta samu kwangilar, ta karɓi kafin alƙalami. Da yake ita ba magina ba ce, sai ta rarraba aikin: Gara ta yi gini, Jaki ya yi jigilar yashi daga gulbin Gagare. Duk da fatar baki aka ƙulla, ba takarda.

Gara ta ɗebo leburorinta, tururuwa, tana sallamarsu kullum da yamma daga aljihunta. Jaki ya ci bashin dusa, ya yi ta safa da mangala har gadon bayansa ya sale. Duk sawun da ya sauke, Kurciya mai sayar wa ma'aikata fura sai ta ja layi da gawayi a jikin bango.

Aiki ya ƙare, suka je wurin Kura.

"Yaya Kura, a sallame mu."

"Ni ma ba a biya ni ba. Takarda tana Gusau, ku ƙara haƙuri."

Wata uku suna jin wannan magana. Tururuwa suka tare a ƙofar Gara, mai dusa ya hana Jaki barci. Ranar Alhamis kuma aka ga Kura a kasuwar Shinkafi tana taya raguna.

Gizo ya raɗa wa Gara: "Ke da kika gina, shiga ki cinye shi ta ciki mana." Gara ta ce, "Da yawuna na kwaɓa shi, 'ya'yana ma ta kansa za su wuce. Ba zan rushe ba." 

Suka kai ƙara gaban Malam Dila. Ya ce, "Ina shaida?" Jaki ya sunkuyar da kai. Kurciya ta ce, "Allah gafarta Malam, bango yana nan." Aka je aka ƙirga, sawu 140 cif. Dila ya aika a kira Kunkuru, ma'ajin Zaki. Ya iso bayan la'asar da littafinsa, ga dangwalen Kura: an biya ta tun kafin azumi, sai ɗan kason da aka riƙe har damina ta gwada aikin.

Dila ya ce kada ko ƙwandala ta sake bi ta hannun Kura. Aka ba Gara da Jaki kason nan hannu da hannu. Bai kai ba, aka sayar da ragunan Kura aka cike wa Gara. Jaki ya tashi da sauran kuɗin sawu 20, aka rubuta masa a takarda, Kura ta dangwala. Ya naɗe ta ya cusa a ƙarƙashin akumari, ya nufi gidan mai dusa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.