Kawu Ya Riga Mu Isa

Daga Katsina zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne, jirgi kan cinye su cikin awa 5. Ina maganar kafin yaƙin Sudan na 2023 ya sa jiragen alhazai yin zagaye. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kuwa kilomita 60 ne da 'yan kai. Ku riƙe lissafin nan, zai yi muku amfani.

Shekarar da Kawu ya samu kujerar Makka, ni ne ɗan bokon gida, ni ne kuma mai mota, don haka rakiya ta faɗo kaina. A sansanin alhazai na zaunar da shi na yi masa lacca. "Kawu, awa biyar kacal! Kakanninku da ƙafa suke ratsa Borno da Darfur har Sawakin, wani ya yi shekaru bai ga teku ba." Ya ce, "To, Allah ya sa."

Ƙarfe tara na safe jirginsu ya tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Muka juyo gida, ni da Inna ƙanwarsa da yara da kulolin abinci. Muna wuce Batagarawa taya ta yi faci. Dab da Kurfi fambel ya tsinke, lagireto ya hau tururi kamar tukunyar dambu. Bakanike ya leƙa, ya goge hannu a wando, ya ce irin wannan fambel sai Katsina. Yaronsa ya hau acaba ya nufi inda muka baro. Inna ta shimfiɗa zani a gindin dalbejiya, ta kwance ƙullin ƙuli-ƙulin da aka hana Kawu shiga jirgi da shi, muka yi ta gurgura.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba ta Saudiyya.

"Kai ɗan nan, ba awa biyar ka ce ba? Tara muka tashi, muna sauka agogon bango na cewa huɗu. Bakwai ke nan!"

Na ce, "Kawu, agogonsu na gaba da namu da awa biyu."

"To wa ya ci biyun?"

"Ranar dawowa za a mayar maka."

Ya ce zai tuna mini. Sannan ya tambaya ko mun isa gida lafiya. Kafin in haɗa amsa mai mutunci Inna ta fizge wayar. "Ina fa, Yaya! Muna Kurfi!"

Aka yi shiru. Sai na jiyo shi yana ba alhazan kusa da shi labari, dariyarsu na tsallako Bahar Maliya da kuɗin katin wani bawan Allah.

Fambel ɗin da yaro ya kawo bai yi daidai ba. Bayan isha'i muka shiga Dutsin-Ma, motar itace na jan mu da igiya. Duk wanda ke da maniyyaci bana ya nemi motar haya tun da wuri, tawa ta daina rakiya.