Mu 'Yan Baftis da Shirin Sujadar Lahadi

Maƙwabtanmu sun haddace mu tsaf. In suka ji tulu yana gum-gum daga majami'a da la'asar, sun san Zumuntar Mata ce ke koyon waƙa. In jita da piyano ne suka tashi ranar Asabar, to 'yan kwaya ne da matasa. Har sukan tsokane mu, su ce, "Ku dai ba ku da ranar hutu, kullum cikin shirin Lahadi kuke." Da gaskiyarsu kuwa. Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to mu ma Lahadinmu haka take.

A wurinmu fasto ne ke fara ɗaga ƙafa. Tun farkon mako yakan fitar da nassin da zai yi wa'azi a kai, ya miƙa wa shugaban kwaya da wanda zai bi da sujada. Daga nan ake zaɓen waƙoƙi. In wa'azin kan gafara ne, waƙar buɗewa da karatu da waƙa ta musamman duk gafara za su nufa, don mutum ya koma gida da saƙo guda a zuciyarsa. Ranar Jibin Ubangiji akan sassauta kiɗa, a ɗauko waƙoƙin gicciye daga Littafin Waƙoƙi. Ranar baftisma kuwa, da yake mu nitsar da mutum muke yi cikin ruwa, mata kan tsaya a gefe suna rerawa, duk wanda ya fito a tarbe shi da guɗa. Godiyar kaka ba a magana, ranar nan buhun masara da doya da kaji ke shigowa gaba cikin rawa.

Tsarin ranar kowa ya san shi. A tashi daga makarantar Lahadi, a yi kiran sujada, waƙa, addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, a marabci baƙi, a yi sanarwa, ƙungiyoyi su yi waƙa, a karɓi baiko da zakka, sai wa'azi, sai gayyata ga mai son ba da ransa ga Almasihu, a sa albarka a tashi. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma je ka tambayi mai bi da sujada, ka sha labari.

Kowa yana son a ba shi fili, nan ne gizo ke saƙa. Zumuntar Mata sun ɗauro zane iri ɗaya, sun kwana biyu suna shiri. 'Yan matan ƙungiyar Lidiya ma sun shirya. Samarin ƙungiyar RA suna jira, 'yan matan GA suna jira, ga ƙungiyar Sabon Rai, ga ƙananan yara sun haddace aya. Sai ka ji shugabar mata tana ce wa mai bi da sujada, "Baba Dikin, yau fa biyu za mu yi." Shi kuma ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, ɗaya dai, rana ta yi." Ta amsa da, "To Baba, amma ɗayar doguwa ce." A yi dariya a wuce. Sakatare ma in ya riƙe makirufo da sanarwar biki, da ta suna, da ta kuɗin gini, sai an yi masa gyaran murya. Akwai kuma mai bi da sujadar da kan ɗan taɓa nasa wa'azin kafin mai wa'azi ya hau. Irin wannan ne ya sa muka koma raba makonni: wannan Lahadi ta mata ce, ta gaba ta matasa, sanarwa kuma a rubuta ta tun Asabar. Tun da aka yi haka wa'azi ya daina tarar da mutane a gajiye.

Wani zai ce me ya sa ba za a ba da umarni daga sama a huta ba? Ai mu ba haka muke ba. A Baftis kowace ikilisiya ita ke tafiyar da al'amuranta. Ba mu da bishop da zai aiko da tsarin da dole a bi kalma da kalma. Ko sauya lokacin sujada za a yi, ko sayen sabuwar lasifika, sai an kawo maganar taron ikilisiya, kowane memba ya faɗi ra'ayinsa. Abin yana da daɗi, yana kuma da nauyi, don in sujada ta watse ba wanda za mu ɗora wa laifi sai kanmu.

Waƙoƙin namu ma tarihi ne ya gauraya su. Thomas Bowen ya iso ƙasar Yarabawa daga Amurka a 1850, aka kafa ƙungiyar ikilisiyoyinmu a Ibadan a 1914. 'Yan kasuwa Yarabawa da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kawo Baftis garuruwan Arewa irin su Zungeru, Kaduna, Zariya, Kano da Jos, da waƙoƙinsu na littafi. Da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kabilu da yawa suka sami harshen da ya haɗa su a sujada. Iyayenmu mata suka shigo da tulu da ganga da kuge da kacau-kacau, suna tsara waƙa daga ayoyi, ɗaya ta ba da baiti saura su amsa. Yau ga makarantar tauhidi a Kawo ta Kaduna tana horar da fastocinmu, ta Ogbomoso kuma har sashen kiɗa da waƙar ikilisiya gare ta.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta dattawa da matasa. Dattijo ya ce, "Yaran nan za su kurmantar da mu." Saurayi ya ce, "Baba, ai Zabura ta 150 ta lissafa kayan kiɗa kala-kala." Kowannensu yana da hujja. Ni abin da nake dubawa shi ne bakin jama'a. In masu kiɗa suna ta zufa a gaba, mutane kuma sun tsaya suna kallo, an yi wasa ne, sujada ba ta samu ba. Ranar da aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi, nan ake gane ikilisiyar da ta iya waƙa, don ita ba ta tsayawa, tafi da murya sun ishe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa masu ja mana waƙa, Allah ya saka muku, aikinku ba ƙarami ba ne. Amma ku rage ƙarar lasifika har mu ji muryar na kusa da mu. Ku ɗauko waƙa a inda tsohuwa da yaro za su iya kaiwa. Sabuwar waƙa a koya mana ita sannu-sannu, a kuma nuna wa fasto kalmominta ya auna su da Littafi tukuna, don abin da aka rera ya fi daɗewa a kai fiye da abin da aka ji a wa'azi. Kada a jingine Littafin Waƙoƙi, kada kuma a hana matasa nasu. Mu da ke zaune a benci, mu zo da wuri, mu zo da littattafanmu, in aka ce a tashi a yi waƙa mu buɗe baki mu yi. Sujadar ta dukanmu ce.