Jaje ga Bazazzagin da Motarsa ta Kafe a Fadan Kagoma

Malam Bazazzagi, sannu da shan taɓo. Labari ya iso Kano tun laka ba ta bushe a jikin motarka ba, domin direbobin da ke kawo citta Dawanau ba sa riƙe sirri, balle sirrin Zage-zagi. An ce ka sauka daga kwaltar Kafanchan zuwa Kwoi a daidai Fadan Kagoma, za ka duba gonar cittar da ka zuba wa kuɗi, sai Hilux ɗin nan da ka ishe mu da kurinta ta durƙusa a fadama. Tayoyin baya na ta feshin laka, na gaba ko gezau. Sai da samarin ƙabilar Gwong suka ajiye fatanyu suka turo ka, kana hakimce a ciki da farar shadda kana ba da umarni ta taga. Tun annobar da ta ruɓar da cittar kudancin Kaduna a 2023 iri ya yi tsadar da sai mai ƙarfin hali. Ka iya sayen irin, isa gonar ce ta gagare ka.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hukuncin da ka yanke nan take, wai an cuce ka, an sayar maka da mai ja da ƙafa biyu da sunan mai huɗu. Hujjarka ita ce ka ja ƙaramar giya zuwa L4, har fitila ta kama a gabanka. Ta kama, ba musu. Amma iyakar shaidarta giya ta shiga, farfelar gaba ta soma juyawa. Ba ta da labarin abin da ke gudana a taya.

Matso in karantar da kai, ko da yake ku ne masu jami'a tun 1962. A cibiyar kowace tayar gaba ta tsohuwar Hilux irin taka akwai hob, wani murfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE a gefe guda, LOCK a ɗayan. In yana kan FREE, tayar ta rabu da shaf ɗinta, tana gangarawa ita kaɗai, kayan gaba su huta, shan mai ya ragu. Dabarar ba ta jiya ba ce, wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fara ƙera ta a 1948 don motocin Jeep da suka yi saura bayan yaƙin duniya na biyu. Sai an murɗa zuwa LOCK sifirin zai tura wani zobe mai haƙora ya ciji shaf, sannan ƙarfin inji ya isa taya. Ke nan dole mutum ya buɗe ƙofa, ya taka ƙasa, ya durƙusa. To a nan gizo ke saƙa. Bazazzagi ya sha guga, ai gara motar ta kwana a fadama.

Na ji an ce daga baya wani yaro ya nuna maka, ka aike shi ya murɗa, ta ƙi ja duk da haka, kai kuma ka sami bakin magana. Kada ka yi saurin murna. Hob biyu ne, in ɗaya ya ƙi kamawa daidai yake da ba a kulle ko ɗaya ba. Giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba inda ya fi sauƙi take turawa, sai shaf ɗin da bai ciji komai ba ya yi ta wulwulawa a banza, ɗayan ya tsaya cik.

Gano mai laifin ba ya cin ko kwabo. Tokare tayoyin baya da dutse, mayar da ƙaramar giya H2, ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak, murɗa zuwa LOCK, ka juya tayar da hannu kana leƙen bayanta. In shaf ya bi ta suna juyawa tare, wannan gefen lafiyarsa lau. In taya na tafiya shaf na kallonta, ka kama ɓarawonka, sai a kwance murfin. Na sa hulata a kan abin da za a tarar: giris ya cakuɗe da ruwan laka ya daskare kamar kwanan tuwo. Na san halinka sarai, kai ka tsaya a kan yaron gareji ya ɗura shi har wuya, wai kai mai kula da mota. Sifirin ɗin ciki ɗan siriri ne, ba shi da ƙarfin ture wannan lodi, shafawa kaɗan yake so. A wanke komai da kananzir, a duba ko sifirin ya karye, ko haƙoran sun cinye, a kuma gano ta inda ruwa ke shiga.

Kafin ka sauke jak, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana kaɗa maka kai, fara tuhumar boris, shi ne gurnanin da kake ji a hanya kana ɗora wa kwalta laifi. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji in ka karya sitiyari kuwa, leƙa robar shaf, ta yage yashi ya shiga.

Toyota ta rubuta a littafin motar cewa a riƙa kulle hob a yi tafiyar kilomita 16 duk wata don mai ya zagaya kayan gaba. Littafin na nan cikin leda, na sani, ɗan birnin ilimi ya adana shi. Kuma don Allah kada haushi ya sa ka bar ta tana ja da ƙafa huɗu ka hau busasshiyar kwalta har Kafanchan, gaba da baya za su yi ta ja-in-ja a kowace kwana, ka cinye tayoyin ka zo kana neman rance.

In haƙoran sun cinye, kada ka wahalar da kanka a kasuwar Panteka. Aiko da tsohon, zan sa a nemo maka a Ƙofar Ruwa, sai dai farashin Bazazzagi daban ne. Ka haɗo da buhun citta guda, busasshiya. Samarin nan kuma an ce “madalla” kawai ka ba su ka ɗaga gilas. Koma ka sallame su, damina ba ta ƙare ba, kuma gonar na nan inda ka bar ta.