Gyaran Gangar Auzinawa

Yayana da ke zaune a Chicago ya turo kayansa ta jirgin ruwa gabanin ya dawo gida, cikinsu har da wata tsohuwar jita a baƙin akwati. Saƙo ɗaya ya biyo ta: "A ajiye mini, kada a taɓa." A gidanmu kuwa, in kana so a taɓa abu, to ka ce kada a taɓa.

Ranar da aka buɗe akwatin Hajiya ta saki salati. Fuskar jitar ta yi tozo, gefenta baƙi wuluk, tsakiya jaja-jaja, fentin duk ya yi siraran tsage, ga ramuka biyu dogaye masu lanƙwasa.

"An cuci yaron nan," in ji ta. "Ruwan teku ya kumbura ta, wuta ta lashi gefenta, ɓera ya ƙarasa."

Kafin mako ya zagayo, jikokinta sun kwance tsirkiyoyin sun yi motar waya da su. Tsirkiya na barin jiki, jakin da ke ɗauke da ita ya faɗo ƙasa. Hajiya ta tsince shi, ta miƙo mini: "Ka gani? Har ta fara zubewa. Kai wa kafinta kafin ɗan'uwanka ya ji." Ni kuwa ɗa ne mai biyayya.

Kafintan bakin layinmu ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Ta sha wuya, amma za ta tashi." Niyyarsa ya kankare tozon da inji har ya kwanta, sai Allah ya sa aka ɗauke wuta. Saura kuwa bai rage komai ba. Ya bi ta da sanfefa, ya cike ramukan da garin katako da gam, ya manne jakin ya ƙara masa ƙusa biyu don tsaro, ya shafe ta da ragowar shuɗin fentin wata ƙofa. Tsirkiya kuma wayar birkin keke ta wadatar.

Da dare sai ga kiran bidiyo. Yaya na murmushi, ko gaisuwa bai gama ba ya hau bayani.

"Ƙanena, ka san abin da ke ɗakinka? Gibson L-50 ce, ta girme ni da kai. A Kalamazoo ta jihar Michigan aka yi ta, garin da Orville Gibson ya fara sassaƙa fuskar jita ta yi tozo irin na gogen Turawa, har aka kafa kamfanin a 1902. Daga katako mai kauri ake fafe tozon nan, shi ne ran muryarta."

Na gode wa Allah da ya sa aka ɗauke wuta.

"Ramukan nan biyu kuma Lloyd Loar ya kawo su a samfurin L-5 a 1922. Lokacin ba a fara jona jita da lantarki ba, ana son wadda amonta zai ratsa ƙahonni da ganguna. Da irinta Freddie Green ya yi kusan shekara 50 yana kiɗa a ƙungiyar Count Basie, tun daga 1937."

Na haɗiye yawu.

"Baƙin gefen ado ne. Tsagen fentin kuwa masu tara tsofaffin jita har so suke su gan shi, shaida ce ba a taɓa sake mata fenti ba. Abu ɗaya zan ja kunnenka: jakin ba a manne yake ba, tsirkiya ce ke danne shi, ana matsar da shi don saita sauti. Ko da wasa kada gam ya kusance shi."

"Ƙusa fa, Yaya?"

"Wace ƙusa?"

Nan Hajiya ta karɓe wayar, ta juya ta saitin jitar da ke jingine tana ƙyalli, shuɗiya shar. "Ga ta nan, mun rufa maka asiri. Kuɗin aikin ma na biya rabi, sai ka turo cikon."

Hoton Yaya ya tsaya cak, baki buɗe. Na ɗauka intanet ce ta yanke, sai na ga fankar da ke bayansa tana ta juyawa.

Hajiya ta dube ni da fara'a. "Ka gani ko? Daɗi ya hana shi magana."