Mutanen Ƙarƙashin Bene

Duk wanda ya gina gidan bene ya gina ɗaki guda da bai nema ba. Mai zanen gida bai raɗa masa suna a takarda ba, birkila bai karɓi kuɗinsa daban ba, amma ranar da aka kwashe katakon gini aka share ƙasa, ga shi nan a ƙarƙashin matakala. Faɗinsa da ƙyar ya wuce mita ɗaya. A bakinsa ƙato zai tsaya a miƙe, a ƙuryarsa kuwa ko kyanwa sai ta sunkuya. Turawan Ingila a nan suke maƙala mitar wuta da ta gas, kuma lokacin da jiragen Jamus ke yi wa Landan ruwan bama-bamai a 1940 da 1941, iyalai da dama a nan suka riƙa fakewa. Mu da Allah ya hutar da mu bama-baman Hitila, sai muka miƙa wurin ga tarkace. Kuma babu gidan da ba a taɓa cewa "wannan Asabar ɗin za a gyara ƙarƙashin benen nan" ba. Masu faɗin haka iri-iri ne.

Dattijon cikinsu shi ne Alhaji Zai-Yi-Amfani. Shi bai yarda akwai abin da ya mutu ba, sai dai wanda ke jiran mai gyara. A taskarsa akwai wayar tebur ta zamanin NITEL, wadda rabonta da ƙara tun kafin wayar salula ta shigo a 2001. Akwai rasiɗan kuɗin wuta masu tambarin NEPA ɗaure da kyauro, da bidiyo mai cin kaset tare da kaset ɗin da ya ci, da fanka mai fiffike biyu, da takalmi wari guda wanda ake sa ran ɗan'uwansa zai dawo. Akwai rabin buhun siminti da ya rage daga ginin gidan. Siminti kuwa ko a busasshen wuri bai son ya wuce wata uku, wannan ya ga damina goma sha, ya daskare ya zama dutse, har ya ɗauki siffar buhun. In ka ce a fitar da shi, sai Alhaji ya dube ka duban wanda bai san wahalar duniya ba, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Gyara a wurinsa shi ne a fito da komai tsakar gida da hantsi, ya ɗauki kowane abu ya ba da tarihinsa da kuɗin da ya saye shi, a karkaɗe ƙura, a mayar kafin la'asar. Abu ɗaya ne zan tsaya masa a kai: ragowar tayil. Samfurin tayil yana ɓacewa a kasuwa, ranar da guda ya fashe a falo za ka karaɗe Ƙofar Ruwa ba ka samu irinsa ba. Wannan kwali ɗaya ya cancanci wurinsa. Matsalar ita ce shi Alhaji yake kafa hujja da shi don kare fankar.

Ɗansa kuma, ko surukinsa, shi ne Injiniyan Waya. Ya kalli bidiyo a YouTube, inda wata Baturiya ta taɓa bangon matakala da yatsa ɗaya, sai durowa ta zamo waje a hankali, takalma jere a ciki kowanne da gurbinsa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. A gaskiya dabarar tana da kyau, don ita ce ke maganin babban ciwon wurin, wato zurfi: maimakon ka kutsa ciki ka nemo kaya, kayan ne ke fitowa su same ka. Ana buɗe bangon ta gefe, a yi durowa uku ko huɗu masu bin gangaren matakala, doguwa a baki, gajera a ƙurya. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Injiniya ya ɗauki tef ya auna, ya tafi 'Yan Katako a Na'ibawa ya sayo falankai, ya kira kafinta ya nuna masa waya.

"Malam, ka ga irin wannan? Za ka iya?"

"Haba yallaɓai, wannan ai wasa ne. Mun yi wanda ya fi shi."

Ba a taɓa jin kafintan da ya ce bai iya ba. Ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya ce jibi, jibin ta zama bayan Sallah. Da aka zo haɗawa sai aka gano matakalar Baturiya ta katako ce, tamu kuwa kankare ce da rodi, kuma birkilan da ya zuba ta ya yi awonsa ne da ido. Daɓen ƙasa ya karkace, kusurwar da aka ɗauka daidai take ashe ta buɗe baki. Katakon ma ɗanye ne, da damina ya kumbura durowa ta ƙi fita, da hunturu ya tsuke ta ƙi tsayawa. Ƙarshen tika-tika, uwargida ta ga wuri ya samu, ta sa aka ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 a kan layin ƙarfen da aka ƙera don takalma. Yanzu durowar ta uku tana nan a rufe da shinkafar a ciki, kuma Injiniya yana kallon wani bidiyon na yadda ake ciro durowar da ta maƙale.

Hajiya Mai Robobi ita ma tsari take so, amma ta hanyar saye. A ganinta kaya ba su yi yawa ba, mazubi ne ya yi kaɗan. Ta je Ƙofar Wambai ta cika Adaidaita Sahu da bokitai masu murfi da kwanduna da akwatunan roba, shuɗi da ja da ruwan hoda. Ba ta auna wurin ba kafin ta fita, don haka babbar robar ta ƙi shiga ƙofa, matsakaitan suka shiga amma murfinsu ya daki gangaren sama. Bokiti zagayayye ne, wurin kuwa kusurwa uku ne, tsakanin kowane biyu sai an bar fili da ɓera kaɗai zai mora. Ta manna takarda a jikin kowace: "Kayan Sallah", "Labule", "Sauransu". Bayan wata shida robobi bakwai suna ɗauke da sunan "Sauransu", biyu kuma an cika su da murafen waɗansu robobin da suka fashe.

Akwai wadda ba ta yaudarar kanta da wani tsari, ita ce Tura-Ka-Rufe. Da an ce baƙi sun taso daga Zariya, sai ta bi falo da gudu tana kwasa: keken yara, darduma, kwanon da aka ci ɗanwake, littafin makaranta, cajar waya. Ta watsa ciki, ta sa kafaɗa ta danne ƙyaure, ta zura sakata. Baƙi su zo su yaba tsabtar gida. Duk wanda ya zare sakatar nan bayan tafiyarsu, shi da ƙafarsa. A gidanta ne ake sayen tocila sau huɗu, domin ukun farko suna ciki, kuma ba a iya nemo su sai da tocila. Ƙwan lantarki guda da makunni a bakin ƙofa da ya kashe rabin rigimar gidan, amma kiran mai gyaran wuta yana nufin a buɗe ƙofar a gaban baƙo.

Na gaba ba abin dariya ba ne sosai, ko da yake shi yana ganin kansa mai dabara. Shi ne wanda ya dubi wurin ya ce, "Kai, wannan ai ɗakin janareta ne." Ba ruwan sama, ba ɓarawo, ƙara ma ta ragu. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ramin matakala hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ɗakunan kwana. An sha wayar gari a ƙasar nan a tarar da iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda wannan. Ƙaninsa shi ne mai jarkoki, wanda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ya ɗauki alkawarin ba za a sake shammatarsa ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana jiran tartsatsi. Tagogin sama duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, matakalar nan ita kaɗai ce hanyar saukowa, shi kuma a ƙarƙashinta ya jera lita sittin. Waɗannan biyun ba kanta suke buƙata ba, ɗan keji suke buƙata a waje, nesa da taga.

Mai tanadin hatsi ya fi su hankali, sai dai shi ma yana da abokan hulɗa da bai gayyata ba. Da kaka ya je Dawanau ya sayo masara da gero da wake, ya jibge a kan daɓe, jingine da bango. Daɓe yana tsatsafar da danshi, buhun ƙasa ya fara ruɓewa ta gindi, gara ta samu hanya, ɓera ya kawo iyalinsa. Watan azumi na zuwa aka buɗe waken ƙosai, aka tarar rabinsa gari rabinsa ƙwari. Da ya ɗora buhunan a kan katako, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, ya sa aka huda ƙyauren aka rufe hudar da raga, da ba haka ba. Waken kuwa akwai buhun PICS mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, a ɗaure kowane rufi daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da an zuba magani ba. An gaya masa. Ya ce kakansa bai san Amurka ba kuma bai taɓa sayen hatsi da bazara ba. Gaskiya ne, amma kakansa rumbu gare shi, a ɗage a kan duwatsu, iska na ratsa ƙarƙashinsa.

A gidan da mata suka kai biyu, wurin ya tashi daga sito ya koma sarauta. Mai Mukulli ita ce uwargida, kuma mukullin yana ƙulle a gefen zaninta ko da za ta je biki Katsina. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: tukunyar suna, manyan kuloli, samirun da aka sauke daga jere tun da tangaran ya yi yayi. Amma amarya ba za ta ɗauki ko ludayi ba sai ta ce, "Yaya, don Allah a ara mini." Maigida ya gaji da shari'a, ya kawo shawarar a raba wurin biyu da falanki. Nan fa aka gane ilimin lissafi bai ɓace a gidan ba, don kowacce ta san rabin da ke baki ya ninka na ƙurya. Har yau ana kan tattaunawa.

Shi kuwa mai gidan haya dariya yake yi wa duk waɗannan. In matakalar ta fuskanci titi, ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba mai POS ko mai cajin waya ko tela. Wanda ya saba shiga benayen Kantin Kwari ya san ba a barin irin wannan gurbi ya kwana banza. A littafin J.K. Rowling na 1997, zaluncin da aka nuna dangin Harry Potter sun yi masa shi ne kwantar da shi a ƙarƙashin matakala. Da a Kano ne, da sai ya biya kuɗin shekara, da na dillali.

Sai 'yar gidan Alhaji Zai-Yi-Amfani da ta dawo hutu daga jami'a da sabuwar aƙida, cewa abin da aka shekara ba a taɓa ba, ba a buƙatarsa. Ta jira mahaifinta ya tafi Juma'a, ta leƙa waje ta kira ɗan gwangwan. Ya rataya fankar da bidiyon a sikelinsa, ya ba ta abin da bai kai kuɗin katin waya na mako ba, ya tura kurarsa. Wurin ya yi fes, har an ga launin fentin bango. Alhaji ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofar ya daɗe, sannan ya tambayi ta wace hanya yaron ya bi. Kafin magariba ya fanso kayansa a ninkin kuɗin, ya haɗo da wata tsohuwar rediyo da ya gani a kurar, wadda ya ce batir kawai take so.

Duk cikinsu babu wanda ya san abin da ke can ƙurya, inda rufin ya sauko ya haɗu da ƙasa. Wannan ilimi na mutum ɗaya ne, autan gida, don shi kaɗai jikinsa ke shiga. Shi ake tasowa daga wasa a ba shi fitilar waya.

"Auta, shiga ka miƙo mini turmin nan ƙarami."

"Umma, yana bayan keken ɗinki, kuma akwai jaɓa."

"Ba ta cizo. Shiga."

Ya shiga da rarrafe, ƙafafunsa kaɗai ake gani, ana ba shi umarni daga waje, hagu, a'a ɗaya hagun. Ya fito da yanar gizo a ka, da turmin, da takardar haihuwar yayarsa da aka je kotu aka yi rantsuwa a kan ta ɓata. Ladansa alewa ɗaya. Shekara biyu nan gaba kafaɗarsa za ta yi faɗi, kuma sai dai a jira jikoki.