Hawan Dutse Irin na Manya

Akwai wasu manya a unguwar GRA ta Bauchi, waɗanda matakalar bene ɗaya kan sa su haki, amma da zarar hunturu ya kama sai su sayi takalmi mai kauri da sanda mai tsini, su ƙudura niyyar hawan Dutsen Kalban a Yankari, gandun dajin da aka keɓe tun 1956, har suna cika baki cewa baɗi sai Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999. To, amma idan mota ta sauke su a Wikki, suka tsoma ƙafa cikin ruwan nan mai ɗumi, garai-garai har ana hango yashin ƙasansa, nan take himma kan rikiɗe ta zama tawakkali, wani ma ya kafa hujja da fiƙihu cewa kasada da rai haramun ce, alhali gwaggon biri ya wafce masa kilishi ya haye bishiya, wanda shi ne iyakar hawan da aka gani ran nan.

Saboda haka, ya mai karatu, in Alhaji ya dawo yana labarin ƙololuwa, yi masa barka da zuwa, kada ka nemi shaida, domin rufa asirin maƙwabci lada ne.